Abin da furojet ɗina kan tashar jirgin Kano ya koya min

Jiya na karɓo takardar kammalawa, to bari in amayar da abin da ke cina tun ranar difens, wato ranar da na kare furojet ɗina a gaban malamai.

Furojet ɗina kan tarihin tashar jirgin ƙasa ta Kano ne. Wata uku ina sintiri tsakanin tashar da Kaduna wajen tsofaffin takardu, kuɗin mota ma da ƙyar. A nan tasha na haɗu da wani dattijo ɗan fanshon reluwe, ya ce min, yaro, jirgin farko da ya shigo Kano a 1911 zamanin Sarki Abbas ta layin Baro ya zo fa, daga bakin kogin Neja, don a can ake sauke ƙarafunan dogo daga jirgin ruwa. Na ce to Baba, na rubuta.

Da na kai wa Malam sufabaiza sai ya ja jan biro a kai, wai hirar mai shayi ce, kowa ya san daga Legas dogo ya taso. Ni kuma tsoron kar a riƙe ni shekara guda ya sa na goge na sa Legas. Wallahi a raina na san Baba ne da gaskiya, na ma gani a fayil cewa Gwamna Girouard ne ya matsa aka fara aikin Baro a 1907, layin Legas a Minna ya zo ya haɗe da shi, kuma lokacin ba a gama gadar Jebba ba, sai dai a fitar da taragu ta ruwa.

Ranar difens malamin da ya zo daga waje bai tambaye ni dalar gyaɗa ba, bai tambayi layin Nguru na 1930 ba, babin da na fi shan wahala a kai, shafin nan da na sa Legas kawai ya buɗe, ya ce kuskure ne. Na waiga wajen Malam ko zai ce uffan, sai ji na yi yana cewa ai sau nawa yana gaya min in gyara. A gaban kowa fa! Har yau in na tuna sai in ji maƙogwarona ya bushe.

Ƙannena masu tasowa, duk takardar da malami ya yi wa jan biro ku adana ta, tawa na bar ta a shagon fotokwafi. In dattijo ya ba ku labari ku ɗauka a waya. Ku riƙa tafiya da goro.

C aka ba ni. Kwafin da na gyara, mai Baro a ciki, shi na kai wa Baba tasha, ya sa jikansa ya karanta masa babi na biyu sau biyu.