Ranar da na shiga aji da ashana da dais

Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibaina jadawalin aikin gini a allo, suna kwafa, suna cin jarrabawa. Amma in ka tambaye su me ya sa aiki ke wuce wa'adi, amsa ɗaya ce: ma'aikata malalata ne. Shi ya sa na gwada wasan jerin gwanon masu sana'a, wanda Iris Tommelein da David Riley da Greg Howell suka yi rubutu a kansa a 1999.

Na raba su biyar-biyar: mai ɗaure rodi, kafinta, birkila, mai wayarin, mai filasta. Tsinken ashana 35 su ne ɗakunan da za a gama. Kowane jifa na dais mako ɗaya ne, lambar da ta fito ita ce yawan ɗakunan da za ka iya miƙa wa na bayanka, kuma ba ka iya wucewa da ɗakin da na gabanka bai miƙo maka ba. Rabin ajin na ba su dais na lido, 1 zuwa 6. Sauran na manne wa nasu takarda, 3 da 4 kawai. Matsakaicin duka biyun 3.5 ne, don haka kowa ya yi lissafi ya ce mako 14: goma na aikin, da huɗu saboda kowane mai sana'a yana farawa mako ɗaya bayan na gabansa.

Masu 3 da 4 sun gama a mako na 15. Ɗaya ɓangaren kuwa, abin ya zama rigima. Mai filasta ya jefa 6, tsinke ɗaya ne a gabansa, biyar ɗin sun tafi a banza kuma ba sa dawowa. Ashana ta taru a gaban kafinta. Wata ɗaliba da ban taɓa jin muryarta ba ta buga tebur: "Malam, wallahi wannan kafintan ne ya kashe mu!" Alhali dais ne kawai a hannunsa. Sai a mako na 18 suka kai.

Kuskurena shi ne na ce rukunin da ya fara gamawa zai sami maki. Nan da nan aka fara ɓoye dais a tafin hannu, ana gyara jifa. Kuma na bar minti goma kacal don tattaunawa, wadda a nan karatun yake.

A zango na gaba na cire makin, na ba tattaunawa rabin lokaci, na sa kowane rukuni ya rubuta hasashensa kafin jifan farko. Da na tambayi yadda za a gyara, yawancinsu suka ce a ƙaro ma'aikata. Na ba su dais biyu. Sun gama da wuri, amma da muka ƙirga hannun da ya zauna yana jira, ya fi na farko yawa.