Zamanmu a Maadi da yara 'yan makaranta

Tunda aka turo maigidana aiki Alƙahira mutane suke ta tambayata wai ya zaman Masar da yara, musamman matan da mazajensu za su zo aiki ofishin jakadanci ko ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, to yau dai na zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Mu a Maadi muke, kuma duk wanda ya zo da iyali kusan nan ake fara nuna masa, in ba nan ba sai Zamalek ko kuma sabbin unguwannin Tajammu'.

Maadi tana kudancin gari ne a gabar kogin Nilu ta gabas. Tsohuwar unguwa ce, tun wajen 1904 wani kamfanin filaye ya tsara ta lokacin Turawan Ingila na riƙe da ƙasar, shi yasa titunan lamba gare su, titi na 9, titi na 21, titi na 200 da wani abu, ga shataletale ko'ina ga manyan bishiyoyi sun rufe hanya. Wanda ya san yadda tsakiyar Alƙahira take da hayaniya da hon ɗin motoci dare da rana, in ya shigo ɓangaren Sarayat ko Digla na Maadi sai ya ji kunnensa ya huta. Da safe za ka ga mutane suna gudu a gefen titi, wasu da karnuka, yara a kan keke, kuma gaskiya wannan kwanciyar hankalin ba ƙaramin abu bane ga uwa. Ni kaina ina fita da ƙafa in yi cefane in dawo, abin da ban saba ba a gida.

Maganar farko da zan gaya wa duk mai zuwa ita ce a fara samun makaranta sannan a nemi gida. Cunkoson garin nan ba wasa bane. Yaron da gidansu ke Maadi makarantarsa tana Tajammu' ko garin da ake kira 6 ga Oktoba, tun duku-duku bas zai ɗauke shi ya bi ta Da'iri, babban titin da ya zagaye gari, ya dawo gab da magariba a galabaice, ba aikin gida ba karatun Alƙur'ani ba komai sai barci. Abin da ya tara baƙi a Maadi ma tun asali makarantun ne, akwai ta Amurkawa Cairo American College a Digla wadda aka kafa tun 1945, akwai ta Faransawa, akwai masu bin tsarin Ingila. Yaranmu suna karatu a ɗaya daga cikin masu tsarin Ingila, kuma da ƙafa babansu ke raka su in yana gari. Kuɗin makaranta kam sai dai addu'a, wasu da dala ake biya, in wurin aikin miji bai ɗauki nauyin karatun yara ba to a zauna a yi lissafi sosai kafin a sa hannu a kwantiragi, don kuɗin rajista daban, na bas daban, na yunifom daban, ga tafiye-tafiyen da suke shiryawa. Sannan mako a nan daga Lahadi yake farawa zuwa Alhamis, Juma'a da Asabar hutu.

Gida kuma ta hannun dillali ake samu, kuma da sun ji kai baƙo ne farashi ya canza. Masu gidaje da yawa a Maadi da dala suke faɗin haya, musamman tunda fam, kuɗin Masar, ya faɗi a watan Maris na 2024, dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa wajen 50 cikin yini guda. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 shi ma ya turo jama'a da yawa bayin Allah, haya ta ƙara tashi ko'ina. A duba takardar haya da kyau don yawanci akwai ƙarin da ake yi duk shekara a rubuce a ciki. A duba na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, a duba tagogi suna rufuwa sosai, domin sanyin Janairu a cikin waɗannan gidajen yana shiga ƙashi, in kuma iskar Khamasin ta taso wajen Maris da Afrilu ƙura ko'ina kamar ana tsakiyar hunturun Kano.

Kowane bene yana da bawwab, mai gadi kenan da ke zaune a ƙasa shi da iyalinsa. Namu dattijo ne daga kudancin Masar, kullum cikin jallabiya da rawani, ɗaki ɗaya ne da su a ƙarƙashin matakala shi da matarsa da yaransa. Shi ke wanke motoci tun asuba, shi ke hawo da kaya, shi ke sanin wa ya shiga wa ya fita. Ranar da ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi cikin dare maigida ba ya nan, mutumin nan da silifas ya fita ya samo kantin magani a buɗe, ya dawo ya ƙwanƙwasa a hankali ya miƙo leda, na ba shi kuɗin wahala ya dafe ƙirji ya ƙi karɓa. Ku riƙe bawwab ɗinku da mutunci, ku biya shi kuɗin wata a kan lokaci, ku tuna da shi da azumi da sallah.

To yanzu ga abin da ya sa na yi rubutun nan, abin da yake damuna kullum. Maadi tana da daɗi har ta kai yaro zai iya shekara da shekaru a cikinta bai san a ƙasar Larabawa yake ba. A makaranta Turanci, abokai 'yan Koriya da Indiya da Amurka da 'ya'yan masu kuɗin Masar waɗanda su ma Turancin suke yi, a kulob Turanci, a shagunan titi na 9 ma'aikata da Turanci za su tare ka, abinci kuma a danna waya kamfanin kai saƙo na Talabat ya kawo har ƙofa. Na san iyalai 'yan uwanmu da suka gama wa'adinsu suka koma, yaransu ba Larabci, Hausar ma ta gudu, kaka ta kira a waya sai dai a yi ta murmushi. Haba jama'a. Iyayenmu sun sayar da gonaki sun tura 'ya'yansu Azhar don su samo Larabcin nan, kai kuma Allah ya kawo ka har gida da iyalinka a ce yaro ya tashi bai iya ko ciniki da mai tumatur ba? Wallahi abin yana min ciwo.

Shi yasa a gidanmu muka sa doka, daga an shigo ƙofa Hausa ake yi, wanda ya tambaye ni abu da Turanci ba zan ji ba sai ya juya. Mun samu wani ɗalibin Azhar ɗan gida, yaro mai ladabi, yana zuwa da yamma yana musu Alƙur'ani da Larabci, kuma ta dalilinsa ne muka san hanyar Hayyul Ashir a Madinatu Nasr inda 'yan Afirka suke da yawa. Can muke zuwa in mun yi kewar gida, can ake samun manja da daddawa da kuka wurin mata masu kawowa, can yarana suke jin ana Hausa a kan titi. Ɗaliban nan suna cikin ƙunci ba kaɗan ba, haya ta musu tsada kuɗin gida ba ya isa, don Allah duk wanda Allah ya ba zama a unguwa irin tamu ya riƙa gayyatarsu cin abinci ko da ranar Juma'a ce. Tuwo da miyar kuka kawai za ka ga yadda fuskarsu za ta canza.

Na kuma daina barin direba yana kai mu ko'ina. Layin farko na jirgin ƙasan cikin gari, wato metro, wanda ya taso daga Helwan, ta tsakiyar Maadi ya ratsa, ni da 'yan matan muna shiga taragon mata mu sauka cikin gari. Ɗana namiji kuma shi nake aika sayen burodin baladi da ta'amiyya, ƙosansu kenan, da safe, ya yi magana da bakinsa ya karɓo canji. Da farko yana jin kunya, yanzu har gardamar ƙwallo yake da mai shagon kan Ahly da Zamalek. Yaran bawwab ma suna hawowa su yi wasa, wasu maƙwabta suna kallon abin wani iri, ni ban damu ba, rabin Larabcin da ƙaramar take ji a bakinsu ta ɗauka.

Akwai abin da dole in faɗa don kar a zo a sha mamaki. Baƙar fata a wajen unguwar nan yakan gamu da tsokana a hanya, yawanci daga samari da yara, su kira ka da wani suna su yi dariya. An taɓa yi wa babbar 'yata, ta dawo gida ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci, ranar na daɗe zaune a bakin gadonta muna magana. Ku shirya yaranku tun kafin ya faru, su san ba laifinsu bane kuma su san wa za su gaya wa. Mutanen kirki sun fi yawa nesa ba kusa ba, da azumi za ka ga tebura a jere a titi ana kiran duk mai wucewa ya zo ya sha ruwa, ba a tambayar daga ina kake.

Ranakun hutu in yanayi ya yi daɗi muna shiga Wadi Digla, kwarin duwatsu ne da gwamnati ta keɓe a bayan unguwar, yara su yi ta hawa suna sauka, ko mu sauka Korniche, titin bakin kogi, mu ɗauki hayar kwalekwale mai filafilai na awa ɗaya. Kasuwa kuwa ba wahala, kuɓewa da lalo da zoɓorodo duk suna nan a wadace don su ma suna ci suna sha.

Abin da muke kai yanzu ni da babansu shi ne maganar komawa. Aikin nan wa'adi gare shi, babbar kuma ta kusa ajin jarrabawa, to ko dai ta ƙarasa IGCSE, jarrabawar tsarin Ingila, a nan ko a mayar da ita gida da wuri ta shiga layin WAEC da JAMB, don tsarin ba ɗaya bane kuma tsalle a tsakiya yana wahalar da yaro. Kafin nan dai dogon hutun bana Kano za su yi shi gaba ɗaya wurin Hajiya in sha Allahu, tunda akwai jirgi kai tsaye, kuma na riga na roƙe ta a sa su Islamiyyar unguwa tare da 'ya'yan yayyena.