Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Gonar Gindin Ɗorawa

Makon jiya mun tsaya a inda Baffa ya danƙa mini gafakar kakanmu, ya ce in binciko yadda gonar gindin ɗorawa ta shigo gidanmu, tun kafin maganar rabonta ta kai mu gaban alƙali da 'yan ɗaya ɗakin.

Rasitan haraji ne cike da gafakar, an ɗaure su da zare, gara ta ci gefen wasu. Sun ƙare ne daidai lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar Kano a 1979. Wasiyya kuwa babu. Manomin ƙasarmu ba kasafai yake rubuta ta ba, tunda shari'a ta riga ta yanka wa kowa rabonsa, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Abin da mutum zai faɗa a gaban shaidu yake faɗa, shaidun nan kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Ƙidayar 1952 ba ta amfane ni da komai ba, yawan jama'a kawai ta bayar, babu sunan kowa. A gidan adana takardun tarihi na Kaduna ne na fahimci aikin malaman taki, waɗanda tun zamanin Sarki Abbas suke bin gonakin ƙasar Kano suna auna su da ƙafa, a yanka wa mutum haraji gwargwadon faɗin gonarsa. Da na dawo, jikan wani tsohon magatakardan hakimi ya buɗe mini littafin kakansa. Ga sunan mahaifin kakanmu a gefen gonar. Raina ya yi fari, na ce magana ta ƙare.

Gwaggo ce ta tsayar da ni. 'Yar wan kakanmu ce, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau. Na durƙusa na gaishe ta, na karanta mata abin da na samo.

Ta ce, "Ɗan nan, mai karɓar haraji ya taɓa rubuta sunan mace?"

Na ce, "A'a, Gwaggo, sai dai ku faɗa mini."

Ta sa aka jawo adakarta, ta zaro wata takarda a naɗe cikin fata kamar laya. Rubutun alƙali ne da Larabci, tawadar ta koma ja, ga hatimi a ƙasa. Takardar rabon gado ce. A wancan zamani mutane da yawa kan guje wa kai gado kotu saboda ushirar da ake cirewa, amma wannan gidan sun kai. Liman ya karanta mana: gonar gindin ɗorawa rabon 'yar mamacin ce, wato uwargidan mahaifin kakanmu.

Shi mahaifin kakanmu ashe baƙo ne. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1914 ce ta koro shi daga arewa, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Ya yi ƙwadago a gandun mahaifin matar, aka yaba halinsa, aka ba shi 'ya. Shi ke noma gonar, shi ke biyan haraji, sai littafi ya ɗauki sunansa. Ya yi mini ciwo ƙwarai a ce mun ci tuwon gonar matar nan shekara da shekaru, amma ko sunanta ba a taɓa faɗa mana ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Ita ta riga mijinta rasuwa, ta bar 'ya'ya, don haka rubu'i kaɗai ya gada. Kakanmu kuwa ɗan amarya ne, rabonmu a cikin rubu'in nan yake, shi ma sai an raba da 'yan ɗakin uwargida.

Yadda na kai wa Baffa wannan labari, da abin da ya ce mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.