Turmin haƙorin da na ƙi sa wa hula

Ranar Asabar a wajen wani suna na ga ɗan ƙanwata ya sa haƙori ya ɓalle murfin kwalbar lemo, abokansa na yi masa tafi. Na ja shi gefe, sai ya ce, "Kawu, ai ba komai." Abin da nake faɗa ke nan lokacin ina kamarsa.

Da irin wannan wasan na tsaga turmina na ƙasa. Tsagar ba ta fi silin gashi ba, amma in na kurɓi ruwan sanyi har ƙwaƙwalwa nake jin ta. Na yi ta cusa kanumfari wata da watanni. Da zafin ya ɗauke na ce na warke, ashe jijiyar ce ta mutu. Sai da kunci ya kumbura na nufi asibiti.

Likita ya kwashe jijiyar, ya yi ciko, ya ce lallai in dawo a sa hula, wato murfin da ake kifa wa haƙori, don haƙorin da aka rarake cikinsa ba ya jure tauna. Za a goge shi a rage, a ɗauki awo, a sa ta wucin gadi, bayan kamar mako 2 a liƙa ta dindindin, ta tangaran ko ta ƙarfe. Ban koma ba. Ga kuɗin makarantar yara, ga haya, kuma wa ke kashe kuɗi a kan abin da ya daina ciwo? Har yau ina ganin ina da uzuri. To amma a shekarar shadda biyu na ɗinka da Sallah.

Ina cikin cin aya wata rana na ji ƙas! Haƙorin ya rabe har saiwa, babu abin da hula za ta riƙe, sai cirewa. Da gefe guda nake tauna yanzu.

Na so in faɗa muku abubuwa da yawa, amma ku yaran yanzu ana magana idonku na kan waya. In haƙori ya tsage, ku je a satin, kada ku jira ciwo. Kada ku yarda a goge lafiyayyen haƙori don kwalliyar haƙorin Makka, abin da aka goge ba ya tsirowa. Kullum ina hana ku cin bashi, amma in likita ya ce hula, ku ci.

Shi kuwa yaron, na sayo mabuɗin kwalba na ɗaura masa a makullin babur ɗinsa.