Laraba, ɗanyar ciyawa cikin Disamba

Kiran sallar asuba ne ya tashe ni yau ma. Mu da muka girma a Maradi ba ruwanmu da agogo, ladanin masallacin bayan gida shi ke tada kowa, Musulmi da Kirista. Da can in na ji shi sai in kunna fitila in buɗe Littafi Mai Tsarki kafin yara su motsa. Yanzu kuwa hannuna ƙarƙashin matashi yake fara zuwa, inda waya ke kwana.

Hujjata kullum ɗaya ce: zan duba ayar safe da matar fasto ke turowa a gurup ɗin zumuntar mata. Ayar tana can, amma saƙo 63 na tarar a kanta. Hoton fure da barka da safiya, tallan atamfa, muryar wani mai wa'azi daga Najeriya yana rantsuwa duk wadda ta tura wa mutum 10 za ta ga buɗi kafin Kirsimeti. Sai wani bidiyo: gini na ci da wuta, hayaƙi ya turnuƙe, mata na gudu da goyo. An rubuta a ƙasa, "Jiya da dare a ƙasarmu. Ku yi addu'a, ku tura." Ba sunan gari, ba sunan majami'a.

Cikina ya ɗuri ruwa. Wanda bai ga Janairun 2015 ba, zai ce tsoro ya yi mini yawa. Cikin kwana biyu aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga can Faransa, zanen da ko ganinsa ba mu yi ba. A Yunin 2019 kuma abin ya iso mu har gida, aka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya, nan Maradi. Daren nan da takalmi a ƙafa muka kwana. Duk wannan ya dawo mini cikin minti guda, ina zaune bakin gado cikin sanyi. Na tura wa ƙanwata da ke Tsibiri, na tura wa maigida da ke kan hanyar Dakoro. Ayar dai ban karanta ba.

Ina hura wuta Hajiya ta leƙo ta kan katanga. "Maƙwabciya, an tashi lafiya? Ya sanyin ga?" Na ce lafiya, ban ko ɗaga kai ba. Ta ce anjima za ta aiko da yadin sunan jikarta. Na ce to. Ta ɗan tsaya, ta koma. Hajiyar nan ita ce a 2019 ta shigo da dare ta kwashe mini yara uku ta kai ɗakinta, ta ce duk mai neman su sai ya fara bi ta kanta. Ita na yi wa fuskar shanu da safen nan, a kan wutar da ban san inda ta tashi ba.

Shago cike yake, ɗinkin anko na Kirsimeti ya taru, zannuwa 28 kala ɗaya, kowace mace kuma da irin wuyan da take so. Wuta ta ɗauke wajen ƙarfe 10, muka koma keken ƙafa. In ina taka keke na saba sa abin kunne in saurari mai wa'azin nan na Najeriya. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗinsa. Yana da murya, ya iya Hausa, in ya kama labarin Dawuda da Goliyat sai ka ji kamar kana wurin. Amma yau da na cire abin kunnen don in ji mai kawo yadi, sai na lura da wani abu da ya dame ni har yanzu. Wata uku ke nan ina jinsa kusan kullum, ban taɓa jin ya yi wa'azi kan gafara ba, ko kan haƙuri da maƙwabci. Kullum maƙiya ne. Maƙiyin cikin dangi, maƙiyin kasuwa, mai baƙin ciki da arzikinka. Ni kuma addu'ata ta koma irin tasa ban sani ba. Da ina farawa da godiya, in ambaci marasa lafiya, in roƙa wa ƙasa ruwa da zaman lafiya. Yanzu in na durƙusa sai in ji bakina na kakkaɓe maƙiya, alhali in an ce in kirga su ba zan iya kawo ko biyu ba. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce in sauya addu'a. Kunne ne ya yi ta sha har baki ya koya.

Ɗiyata ta biyo daga makaranta ta taya ni sa maɓalli. Ita TikTok ce makarantarta ta biyu. Ta ce, "Mama, mi ya sa majami'armu ba ta da fitilu da hayaƙi irin na majami'un TikTok? Tamu kamar aji." Na ce ta bari sai mun gama biyan kuɗin kwanon rufi. Dariya ta yi, ni ma na yi, amma na san tambayar da gaske take.

Da azahar na koma gida na tarar Inna ta iso daga Danja da tsarabar gyaɗa. Idonta ya yi rauni, sai ta kai abu dab da hanci take gani. Na nuna mata bidiyon, ina jiran ta yi salati irin namu. Ta kalla sau biyu, ta miƙo mini wayar.

"Ɗiyata, wagga ɗanyar ciyawa, ina aka same ta cikin Disamba?"

Na sake dubawa. Ƙasa jiƙe, ciyawa shar har gwiwa, sama da hadari. Mu kuwa hazo ya rufe mu, gulbi ya bushe sai yashi, ko kara ya ƙare a gonaki. Ko tsohon bidiyo ne, ko na wata ƙasa, oho, amma ba jiya ba ne kuma ba nan ba ne. Ni mai ido biyu lafiyayyu wutar kawai na gani.

Inna ba baƙuwar jin wa'azi daga akwati ba ce. Iyayenta suna cikin waɗanda suka koyi karatun boko a hannun 'yan mishan na SIM, waɗanda suka fara zama Damagaram a 1924 kafin su zo Tsibiri. Littafi Mai Tsarki na Hausa cikakke ya fito a 1932, kuma irin wannan tsohon juyin ne har yau ke bakinta. Ta ba ni labarin yadda suna yara ake kafa rediyo ɗaya a tsakar gida da dare, a kamo tashar ELWA daga Laberiya, gida biyar su taru a kan tabarmi. In an gama shiri sai a kashe don tattalin batir, dattijo ya tambaya me aka ji, wani ya ce bai yarda da kaza ba, a buɗe littafi a duba. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Su ma daga nesa muryar ke zuwa. Sai dai su a fili suke jin ta, da mutane kewaye. Tawa muryar cikin kunnena kaɗai take shiga, ba wanda ya san abin da nake ci balle ya ce akwai tsakuwa.

Taron zumunta na yamma ya ɗan yi zafi. Matar fasto ta roƙi a daina tura abin da ba a san tushensa ba, ta ce Fasto ya kira 'yan'uwa a Damagaram da Yamai da Birnin Ƙonni, ko'ina lafiya. Wata dattijuwa ta ce ita dai gara a tura, in wata rana gaskiya ne fa? Ban iya ce mata ba ta da gaskiya ba, ɗanta na cikin waɗanda suka gudu da kayan jikinsu a 2015. Aka yi waƙa biyu aka tashi, maganar ba ta mutu ba.

Da magariba ta wuce na shiga wurin Hajiya da awo a hannu. Ta ce, "Da safe na gan ki wani iri, ko mura ce?" Na ce sanyi ne kawai, Hajiya. Ƙarya na yi mata, ita kuwa ta tashi ta haɗo mini citta da kanumfari a leda.

A hanyar dawowa na sake sayen data ta dala ɗari, don in rubuta wa ƙanwata cewa bidiyon ba gaskiya ba ne, kar ta tura. Maigida ya amsa tun ɗazu, ya ce dama bai buɗe ba, yana tuƙi. Ita kuwa tun da hantsi ta ce mini ta watsa a gurup huɗu. Saƙona na gyara har yanzu alama ɗaya ce a kansa, bai shiga ba. Wataƙila cajinta ya ƙare.