Idan sautin laftof ya ƙi jin magana a Linux

'Yan'uwa masu koyo, ga inda muka tsaya da laftocin nan na gwanjo da muke koyon Ubuntu, wani nau'in Linux, a kansu a nan Jos: sauti ya haura ɗari da kansa, ko ya faɗi ƙasa ba wanda ya taɓa shi. Kada ku yi gaggawar sake ɗora manhaja. Ciwon yakan ɓuya a wuri uku ne.

Ku fara da maɓalli. A tagar umarni ku rubuta sudo evtest, ku zaɓi allon rubutu, ku danna maɓallin ƙara sauti sau ɗaya. Ya kamata KEY_VOLUMEUP ta fito da value 1, wato an danna, sai value 0, wato an saki. In 0 ɗin ba ta zo ba, sai 2 na ta zubowa, kwamfutar ta ɗauka har yanzu yatsa na kai. Maganinsa ƙaramin fayil ne a /etc/udev/hwdb.d/, mai ƙarewa da .hwdb. Layin farko evdev:atkbd:dmi:*, a ƙarƙashinsa KEYBOARD_KEY_b0=!volumeup da KEYBOARD_KEY_ae=!volumedown, kowanne da tazara ɗaya a farkonsa. Alamar motsin ran nan (!) ita ke tilasta sakin maɓallin. Daga nan sudo systemd-hwdb update, sannan sudo udevadm trigger. Wannan tazarar ita ta fi cin mutane. An manta da ita, layin bai aiki.

Na biyu ramin iyafis. Ƙurar hunturu kan sa kwamfuta ta riƙa zaton an soka iyafis an zare, alhali shi da lasifika kowa da matakin sautinsa. A tagar umarni ku rubuta pactl subscribe, wanda ke nuna saƙo duk lokacin da wani abu ya canza a sauti, ku bar shi a buɗe. In saƙonni na ta fitowa hannunku na aljihu, ku kashe na'urar ku hure ramin. Ban da allura.

Na uku manhajar da ke kula da sautin kanta. pactl info zai nuna PulseAudio ne ko PipeWire, wanda Ubuntu ta koma kansa tun sigarta ta 22.10. Masu tsohon PulseAudio su duba /etc/pulse/daemon.conf su sa flat-volumes = no, don kada bidiyo ɗaya ya ja sautin kwamfuta gaba ɗaya sama. In kuma sautin shiru ne har sai an kai rabi, ku buɗe alsamixer, ku danna F6 ku zaɓi katin sauti, ku ɗaga PCM da Speaker, sannan sudo alsactl store.

Zama na gaba makirfo ne, kowa ya zo da iyafis ɗinsa.