Abin da haɗa rahoton rasuwar 'yan fim ya koya mini

Na shafe shekaru ina aiki a ɗakin tace hotuna na wani gidan talabijin, kuma cikin ayyukan da suka zama nawa ba tare da an rubuta su a takardar ɗaukata aiki ba akwai haɗa gajeren rahoto duk ranar da wani ɗan fim ya riga mu gidan gaskiya. Akan ba ni 'yan sa'o'i kafin labarun dare, a ce in tattara rayuwar mutum cikin minti biyar. Da farko na ɗauka wahalar tana wajen taƙaitawa, sai daga baya na gane cewa samun abin da za a taƙaita shi ne jan aikin.

Ranar 10 ga Disamba, 2014, da Allah ya yi wa Rabilu Musa Ɗan Ibro rasuwa, ban sha wuyar neman hoto ba, domin babu shagon faifai da za ka shiga a Kano ka rasa fuskarsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, abokan aikina da suka haddace barkwancinsa, kaɗan ne cikinsu suka san cewa ya yi aikin gandiroba kafin fim ya ɗauke shi, ko kuma cewa Ɗanlasan da aka kai shi makwanci ita ce mahaifarsa. Mun san Ibro na cikin akwati, amma Rabilu ɗan Malam Musa baƙo ne a wurinmu. Haka abin ya sake faruwa a Nuwamban 2023 da Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, ya rasu a Kaduna: matasa da yawa sai a ranar suka ji cewa Samanja Mazan Fama tsohon soja ne na gaske, kuma Banufe ne, wato Hausar barikin da yake kwaɓawa a bakin sojojin da ya zauna da su ya ɗauko ta.

Jera sunaye da ranaku ya kuma nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Balaraba Muhammad a hanya ta rasu a 2003, ana kai ta gidan mijinta. Ahmad S. Nuhu hatsarin mota ne ya yi ajalinsa ranar 1 ga Janairu, 2007, a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, sannan Hauwa Ali Dodo ita ma ta rasu a hatsari ranar 1 ga Janairu, 2010. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu ja, sai dai mai kallo da yake ganin kwalliya da fitilu ba ya tuna cewa rabin sana'ar nan a kan titi ake yin ta, daga lokeshan zuwa lokeshan, daga wasan sallah na wannan gari zuwa na wancan.

Kuskurena mafi ciwo a kan wani dattijo na yi shi, wanda ya yi fice a wasannin tasharmu tun zamanin da ake ɗauka a manyan kaset. Na je ɗakin ajiya neman wasanninsa, na tarar an goge mafi yawansu an ɗora wasu shirye-shirye a kai, saboda a da kaset tsada gare shi. Guda ɗaya na samu mai ɗauke da sunansa, da na buɗe murfin sai ga fumfuna fari fat ya bi zaren, injin kuma ya ƙi karɓa. Cikin gaggawa na ciro shekarar haihuwarsa daga intanet, na sa a rahoto. Washegari babbar 'yarsa ta aiko cikin ladabi cewa mun rage wa mahaifinsu shekara takwas. Babu wanda ya tsawata mini a ofis, amma kunyar ta daɗe tana bina, domin mutumin nan ya sha zama a bencin ƙofar tasharmu yana jiran a biya shi haƙƙinsa, ni kuwa ban taɓa tsayawa na tambaye shi ko da garin da aka haife shi ba.

Duk da haka jarumai suna da dama, tunda fuskarsu tana yi musu shaida. Masu ɗaukar hoto, masu haske, masu kwalliya da masu tace fim irina, sunansu yakan wuce ne a ƙarshen fim, lokacin da mai kallo ya riga ya miƙe. Ko darakta sai ya yi sa'a: mutane da yawa da ba sa barin Izzar So ta wuce su ba su riƙe sunan daraktanta Nura Mustapha Waye ba sai da ya rasu a 2022.

Wata rana, bayan jana'izar wani mai ɗaukar hoto da ba mu samu ko hotonsa ɗaya na kirki ba, alhali ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaukar na wasu, na zauna kusa da tsohon mai haskenmu na ce, "Baba, in ba za ka damu ba, ina so ka ba ni labarin yadda ka fara aikin nan." Ya kalle ni ya yi murmushi ya ce, "Yaro, rahoton nawa ka fara haɗawa tun ina numfashi?" Na ce masa a'a, gudun kada in rage masa shekaru nake yi. Ya yi dariya har da tari, sannan ya gyara zama.

Mun yi kusan awa biyu. Ya faɗa mini yadda suke naɗe kwali da takardar azurfa ta kwalin taba don su mayar da hasken rana kan fuskar ɗan wasa, da sunayen abokan aikinsa shida da ban taɓa ji ba, biyar cikinsu sun rasu. Na naɗi muryarsa a waya, na kwafe a wuri biyu, na kuma rubuta sunayen a wani littafi mai baƙin bango da nake ajiyewa a aljihun tebur. Na shidan yana zaune a Zariya, kuma Baba ya ce in yi sauri, domin an ce masa jikin ya fara nauyi.